Ramukan da Ke Sa Baba Magana

Mahaifina ya yi ƙuruciyarsa a Kano yana aiki a filin golf, wasan nan na manyan mutane da ake dukan 'yar farar ƙwallo da sanda, a yi ta bin ta a ƙafa har ta faɗa rami. A zamaninsu ba ciyawa ake shukawa a bakin ramin ba, yashi ake cuɗawa da baƙin mai, a baje, a ja buhu a kai ya kwanta sumul. Baba ke wannan gyara, shi ke haƙa ramin ya kafa tuta. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya komo gida Farin Dutse, ya kama noman dawa da gero kamar kowa.

Baba akwai surutu. In ya zauna a ƙofar gida ba mai wucewa bai sha tsokana ba, hatta awakin maƙwabta sai ya yi musu faɗa kamar suna ji. Shi ya sa ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, abin da ya fi ci mini rai ba hannun ba ne, ba ƙafar ba, shirun ne. Muka ɗauko shi zuwa gidana a Birnin Kudu saboda kusa da asibiti. Likita ya ce harshen bai mutu gaba ɗaya ba, mu dai yi ta jan sa da hira. Na ja shi har bakina ya gaji. Abokansa suka zo daga Gwaram da Sara, suka tono tsofaffin labarai, shi kuwa sai ido. In lokacin salla ya yi leɓɓansa na motsi, amma murya ko kaɗan.

Wata rana da la'asar, cikin damina, maigidana yana laluben tashar labarai a talabijin. Malamin Islamiyya ne, wasanni ba sa gabansa, hannunsa ne kawai ya kai shi tashar da ake nuna wata babbar gasar golf a bakin teku, can ƙasar Turawa. Iska na kaɗa wandunan 'yan wasa kamar za ta tuɓe su. Wani ya gungura ƙwallo, ta nufi rami tiryan-tiryan, sai ta yi kwana, ta bi gangare ta faɗa wani kwarin yashi mai zurfi. Muka ji dariya a bayanmu.

"Mugu," in ji Baba.

Na saki kwanon da ke hannuna. Malam ya tsaya da rimot a sama kamar wanda aka kama da sata.

"Wanda ya haƙa ramin nan mugu ne," Baba ya sake faɗi. Maganar a karkace take, amma ba kalmar da ta ɓace mini.

Duk kwanakin gasar Baba bai rufe baki ba. Da hannunsa mai lafiya yake nuna mana yadda aka ɗora ramin a gefen tudu, yadda aka ƙi yanke ciyawar gefe ta yi tsawo ta haɗiye ƙwallo, yadda aka matse hanya ta zama siririya. Ya ce kallon wasan nan ba ya daɗi sai filin ya tashi ya yi faɗa da mai wasa, in ba haka ba manya ne kawai ke yawon shan iska. Ya ba mu labarin yadda yakan kai rami kan gangare ranar gasa, ya koma gindin darbejiya yana kallon masu manyan motoci suna cizon yatsa. Ni golf bai dame ni ba ko na sisin kwabo. Abin da nake tsinta shi ne na tsakankanin: ya ce a ba shi ruwa, ya tambayi ko an yi wa gonar bakin rafi noman farko, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yarinya. Na shiga madafa na yi kuka na fito.

Gasar na ƙarewa bakin ya sake rufewa. Na bi tashar nan kamar mai bin maganin gargajiya. Kusan kullum akwai golf, amma yawanci filaye ne koraye shar, masu laushi kamar darduma, ƙwallo na sauka ta tsaya inda ta sauka. Baba yakan kalla kaɗan sai gyangyaɗi. Jefi-jefi in an ci karo da fili mai taurin kai yakan saki kalma ɗaya ko biyu. Na nemo tsohuwar gasar a waya na kunna masa, ya dube ta ya kawar da kai, ya san ya riga ya gani. Sai na gane ba ni da abin yi illa jiran damina ta zagayo, tunda gasar sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Yayana, wanda ke riƙe da gidanmu na Farin Dutse, bai ga dalilin wannan jira ba. Da bazara ya zo ya same ni a tsakar gida.

"Ke, asibiti sun gama nasu. Ki bar tsoho ya koma ɗakinsa, ya ji kiran sallar masallacinsa. Kin ajiye shi gaban akwati yana kallon Turawa."

"Yaya, ba ka ji shi ba ne. Da ka ji shi da ba ka ce haka ba."

"To ni ma ubana ne, ina son in gan shi da safe."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na yi fushi, na yi magiya, daga ƙarshe ya yarda a bari sai an gama gasar, washegari zai zo da mota. Malam kuwa ya samu abin tsokana. Kullum sai ya ce, duk karatunsa bai taɓa zaton zai ɗaga hannu yana roƙa wa ƙasar Turawa iska don filin golf ya yi taurin kai ba.

Iskar ba ta zo ba. A shekarar an sheƙa ruwa a can kafin gasar, ƙasa ta yi laushi, tutoci suka rataye kamar jiƙaƙƙen wanki. Masu filin kuma suka ƙara da nasu: suka aske ciyawar gefe, suka buɗe hanya, suka sa ramuka a tsakiyar shimfiɗa inda ko makaho zai jefa. Kowa ya buga sai ƙwallo ta sauka daf da rami ta zauna. 'Yan kallo na ta tafi, masu sharhi na ta ihu. Na shirya wa Baba matasai, na dama masa kunun tsamiya, na zauna kusa da bakinsa don kada wata kalma ta wuce ni. Ya kalla, ya kalla, kansa ya langaɓe.

Rana ta biyu haka, ta uku haka. Har na fara yi masa ƙarya. "Baba, dubi wancan ramin, ai an yi mugunta." Ya juyo ya dube ni da idon tausayi, irin kallon da yake mini in na zo da sakamakon makaranta mara kyau. Ban taɓa jin na tsani mutanen da ban sani ba kamar yadda na tsani waɗanda suka shirya filin nan. Me zai rage su da sun matsar da rami ɗaya gefen tudu?

A ranar ƙarshe, ana miƙa wa wanda ya ci kofi, Baba ya motsa baki. Na sunkuya har kunnena na taɓa gemunsa.

"Ragwaye," ya ce.

Na jira saura. Babu saura.

Washegari da hantsi Yaya ya iso. Na raka su har Farin Dutse, Baba na jingine a kafaɗata, yana kallon dawa ta yi kore a gefen hanyar Gwaram. Da aka shigar da shi ɗakinsa na ga fuskarsa ta saki, na san Yaya bai yi kuskure ba. Na riƙa zuwa duk sati. Yakan riƙe hannuna ya matse, leɓɓansa na motsi da tasbihi, amma ban sake jin muryarsa ba. Da kaka, ana cikin yankan gero, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida, sai wata gwaggonmu ta jawo ni gefe tana share hawaye.

"'Yar nan, ke kika yi jinyarsa, an ce ke kaɗai ya yi wa magana. Me ya ce miki na ƙarshe?"

Na dubi tabarmar da nake zaune a kai. Na ce mata ya sa mini albarka.