Awa Ukun Da Na Rubuta Wa Baba Ilu

Har gobe ba zan manta da ranar da na kusa kashe mutum da biro ba. A lokacin ina shekara ta shida a wani ofishin tafiye-tafiye a Ammariyya, nan Jidda, ina ji da kaina, kowane tikiti kallo ɗaya nake masa.

Bayan ƙaramar Salla wata Hajiya Rabi ta zo da takardun mahaifinta, Baba Ilu, za su koma Kano bayan umara. Tsohon yana da ciwon huhu, da na'urar oksijin mai batir yake numfashi. Ƙa'ida ita ce a cike fom a rubuta awannin tafiya, batir kuma ya ɗauki tsawon tafiyar da ƙarin rabinta. Na duba tikiti: tashi goma na safe, sauka ɗaya na rana. Na rubuta awa uku. Batirinsa na awa huɗu da rabi ne, lissafi ya fita cif.

"Malam Habu, ka tabbata batir ɗaya ya isa?"

"Har da ragi, Hajiya."

Ranar tafiyar, wajen sha ɗaya, manajanmu Ustaz Bakur yana duba fayil ya ɗago kai.

"Ya Habu, Jidda zuwa Kano awa uku? A roka ka saka su?"

Nan take na sake duba tikitin. Tikiti agogon kowane gari yake nunawa, Saudiyya kuma tana gaban Najeriya da awa biyu. Ɗayan Kano ukun Jidda ce. Tafiyar awa biyar ce, abin da na sani tun ina sabon shiga. Kuma tun a filin jirgi na'urar take a kunne.

"Yalla, maza kira kamfanin jirgin!" in ji shi. Na kira, suka ce za su sanar da matuƙi, shi ke nan. Na zauna ina kallon agogon bango, ko ruwa na kasa sha.

Sai bayan la'asar Hajiya Rabi ta ɗaga waya, daga asibiti. Na'urar ta mutu ana saura awa ɗaya da rabi a sauka, leɓen tsohon ya yi baƙi kafin ma'aikatan jirgi su sa masa tukunyar oksijin ɗinsu. Ya rayu.

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni ba tare da faɗa ba.

"Ai muna da batir na biyu, Malam Habu. Da ka ce ɗaya ya isa, sai Baba ya ce a bar wa wata tsohuwa mai irin ciwonsa a masaukinmu."



Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku sani mutanenmu ba sa bin diddigin abin da muka rubuta. Muna faɗa suke ɗauka, har su yi sadaka da numfashinsu a kan maganarmu.