Hannun Malam Sifana

'Yan babbar sakandare ne suka sa masa Malam Sifana, shi kuma bai taɓa hana su ba. Gajere ne kakkaura, ba ya ɗaga murya. Aikinsa koya wa 'yan ajin ƙarshe gyaran mota, don in sun fita su sami abin riƙewa. Ajinsa rumfar kwano ce a bayan makaranta, da tsohon inji a kan teburin ƙarfe, da durom na baƙin mai, da sifanu rataye a jikin allo.

A garejin kawunsa ya tashi. Kawun ba ya maimaita magana. In ya ce a miƙo sifana aka kawo wadda ba ita ba, to ita za ta dawo wa yaro ta sama. Haƙoran Malam biyu na gaba a can suka zube. Duk da haka ba a taɓa jin ya aibata mutumin ba, cewa kawai yake ya iya aiki.

Da ya zama malami, abin da ya sani ya zo da shi. Wanda ya yi kuskuren lambar sifana, sifana za ta same shi a ƙwauri.

"Ni ƙafa nake nema," yakan ce a hankali. "A waje ba ruwansu da inda ta sauka."

Yara suka koyi kaucewa, daga baya suka koyi cafewa. Wanda ya fi kowa shi ne Zomo, ɗan wata tela, siririn yaro mai saurin hannu. Ko ta ina ƙarfe ya taso sai ya cafe. Abin ya riƙa burge Malam, har ya zame musu wasa. Ya jefa, Zomo ya cafe, sai Malam ya buɗe tafi ya ce, "Maido." Yaron ya maido da ƙarfi, 'yan aji su yi ta shewa. Haka suka yi ta yi har hannun Zomo ya daina jiran a ce masa.

A zangon ƙarshe makaranta takan rarraba ɗalibai zuwa garejojin gari su ga aiki da idonsu. Malam da kansa ya kai Zomo wurin masu gyaran manyan motoci, ya damƙa shi ga maigidan wurin, wani ƙato mai jan ido.

"Ga shi nan, maigida. Hannunsa zinariya ne."

"Kowa haka yake cewa a kan nasa," in ji maigidan. "'Yan boko masu farar riga! Za mu gani."

Ranar da Malam ya koma duba Zomo, da rana tsaka, yana shiga ƙofa ya ji maigidan daga bakin wata tirela yana ruri: "Wannan na ce maka, ɗan boko?" Sifana ta taso. Zomo ya cafe, kuma kafin kowa ya ƙifta ido ya maida ta. Maigidan bai buɗe tafi ba. Ta same shi a gira, fata ta tsage, jini ya rufe masa rabin fuska.

Zomo na tsaye yana kallon hannunsa kamar na wani.

Sai yaran gareji suka yi masa ca. Ɗaya ya zabga masa fambel ɗin inji a baya har riga ta yage, wani ya kwashe ƙafarsa, suka bi shi da duka cikin baƙin mai. Yana ihu yana cewa, "Ban sani ba! Wallahi ban sani ba!" Maigidan ya miƙe, ya share jini da gwiwar hannu, ya ɗauko guduma.

"Ku ɗora min hannun nan da ya iya jifa."

Suka danne yaron, suka shimfiɗa tafinsa na dama a kan wani tsohon inji. Malam ya kutsa tsakaninsu.

"Maigida, yaro ne. A yi haƙuri. Da hannun nan zai ci abinci."

"Matsa, tsoho."

Bai matsa ba. Ba shi da ƙarfin ture kowa, don haka ya ɗora nasa hannun na dama a kan na Zomo. Ko maigidan ya gani, ko jini ne ya rufe masa ido, wannan ba wanda ya sani. Gudumar dai ta sauka. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba.

Yatsu uku aka cire wa Malam a asibiti. Zomo ya tsira da targaɗe da shatin fambel.

Washegari uwar yaron ta zo duba Malam, zare na manne a gefen mayafinta, da alama daga kan keken ɗinki ta taso. Ta zauna nesa kaɗan, ta yi masa sannu, ta yi godiya yadda ya kamata. Da ta tashi tafiya sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ɗana ko kaza bai taɓa jifa ba a gida. Shi ne nake ta tunani, a ina ya koyo?"

Ba ta jira amsa ba. Malam ya daɗe yana kallon bandejin.

Ya koma rumfarsa da zango ya zagayo, ya ƙara shekaru yana koyarwa da hagu. Zomo ya gama makaranta da hannunsa lafiya ƙalau, amma bai sake shiga gareji ba. Wurin uwarsa ya zauna, yana yanka yadi.