Baban Ɗakin Ƙwari da Jakunkunan Siliki Bakwai

Kafin malamai su iso, Baba ya riga ya buɗe ɗakin ƙwari na sashen nazarin halittu. Ya ɗaga labule, ya jawo aljihunan katako ɗaya bayan ɗaya ya duba ko tururuwa ta yi ɓarna, sannan ya sake wa tsutsotsi ganye. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan. A takarda dai mai shara ne da goge gilashi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma wallahi bai kamata ya tafi shiru ba.

Ku tambayi Maman 'Yan Biyu, ɗalibar digiri na biyu, matar da ke haɗa karatu da goyo. Bincikenta a kan wasu manyan tsutsotsi ne, koraye, masu kaurin babban yatsa, da ta samo suna cin ganyen bishiya. Ta san dangin babban malam-buɗe-littafin nan ne mai tashi da dare, wanda fukafukansa suka kai faɗin tafin hannu. Amma wane iri a cikin dangin? Tsutsotsin iri biyu suna kama da juna kamar 'yan biyunta. Sai an ga babban da fukafukansa kafin a tabbatar.

Tsutsotsi bakwai suka rayu. Kowace ta saƙa wa kanta 'yar jakar siliki, ta shige ta rufe. Wata ɗaya, shiru. Wata biyar, shiru. A wata na tara makaranta ta ba ta wa'adin ƙarshe: mako shida, ko ta kawo sakamako, ko a sallame ta. Shekara huɗu na wahala za su tashi a banza.

Ranar da ta karɓi takardar, shugaban sashe ya leƙo ɗakin, ya ga jakunkunan sun bushe sun yi ƙura a cikin kwalba.

"Baba, waɗannan ai sun mutu. A zubar, muna bukatar wurin."

"To, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Maman 'Yan Biyu ita ma ta fid da rai. Ta kifa kai a tebur. Da shugaba ya fita, Baba ya ɗauki jaka ɗaya, ya kai kunne, ya girgiza a hankali. Ya ajiye, ya ɗauki wata.

"'Yata, taso ki ji. Wannan da ke kacau-kacau, ba nauyi, ta bushe a ciki, sai haƙuri. Wannan fa?"

Ta kara a kunne. Wani abu mai nauyi ya bugi gefen jakar, dum.

"Da ranta. Barci take, damina take jira. Ku 'yan boko, in abu bai motsa ba sai ku yi masa salla."

Huɗu suna da rai. Baba ya bi shugaba har ofis, hula a hannu, ya roƙi mako shida. Mutumin da bai taɓa musa wa na gaba da shi ba, ranar ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi tafiya sai da aka ce masa to.

Sai ya koma kan kwalbar, yana girgiza kai.

"Haba 'yata, a nan za ki bar su? In ya fito, fukafukan a jiƙe suke, a cukuikuye. Dole ya hau wani abu ya rataya su miƙe. Gilashi santsi gare shi. Zai yi ta zamewa har su bushe a murɗe, ki rasa abin dubawa."

Ta karanta littattafai sun fi ashirin, wannan bai zo mata a rai ba. Baba ya haɗa keji da ragar sauro, ya kafa busassun rassa, ya rataye jakunkunan. Da hadari ya fara haɗuwa, kullum da safe yakan yayyafa musu ruwa da yatsu.

Saura kwana tara wa'adi ya cika, tana tsaka da yi wa yara wanka, wayarta ta yi ƙara. Baba ne.

"Ki taho yanzu. Kada ki tsaya neman ɗankunne."

Ta shigo tana haki, takalmi wari da wari. Ga malam-buɗe-littafi nan a jikin reshe, jaja-jaja mai ruwan ƙasa, fukafukai a shimfiɗe ba lanƙwasa ko ɗaya. Baba ya nuna da tsinke ba tare da ya taɓa ba.

"Namiji ne, dubi gashin kansa buzu-buzu kamar na tsuntsu. Yanzu dubi tagogin fukafukan, inda haske ke ratsawa. Zagaye suke ko lauje?"

"Lauje, Baba!"

"To buɗe littafinki."

Ta buɗe. Ga irinsa nan a littafin, mai tagogin lauje, ba ko tantama. Ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana hawaye, tana ta alhamdulillahi. Da ta farfaɗo sai ta tashi za ta haɗa wa baƙon ruwan sukari.

"Bar wahalar da kanki. Ba shi da bakin ci. Abin da ya ci yana tsutsa shi zai riƙe shi 'yan kwanakinsa."

Baba, kai ne mai kunnen da ke jin rai a inda masu ido suka ga gawa. Kai ne ka riƙe ɗakin nan ba tare da an taɓa tafa maka ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa. Ku kuma masu aiki a ko'ina, ku koyi sanin aikinku kamar haka, kuma ku riƙa tambayar tsofaffin wuri kafin ku yanke hukunci.

Makon jiya Maman 'Yan Biyu ta kare bincikenta, ta ci. Wani farfesa baƙo ya tambaye ta yadda ta san suna da rai bayan wata tara. Ta waiga ƙarshen zaure, inda Baba ke tsaye da tiren kofuna.

"Ranka ya daɗe, ni ban sani ba. Ga wanda ya sani can."

Farfesan ya miƙe tsaye. Sauran ma suka miƙe.