Gayyar Riɗin Baba

A ƙauyenmu da ke yamma da Abu Hujar, in aka ga mutum yana yankan riɗinsa shi kaɗai sai a fara tambayar wa ya ɓata wa. Riɗi ba ya jira kamar dawa. Da ganyensa ya yi rawaya, kwanson ƙasa ya fara bushewa, sai ka sa lauje. In ka yi sanyin jiki kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube, shi ke nan. Shi ya sa muke gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir. Mai gona ya faɗi rana a masallaci, matarsa ta tuƙa tuwon asida, kowane gida ya turo majiyin ƙarfinsa. Ba a biyan kowa, gobe kai ma a je taka. Babana bai taɓa fashin gayyar kowa ba. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ce da ma halinsa ne ya jawo masa.

Wani wasa ya shigo mana da rani, lokacin da samari ba su da aiki sai zaman inuwa da gardamar ƙwallo. A waya ake yinsa. Kowa da jaruminsa, ka shiga da shi kogo ku yaƙi dodanni, in dodo ya faɗi ya bar takobi ko sulke ko zinaren ƙarya. Shabaka, wato intanet, ba ta kamawa sosai sai a kan tudun bayan injin niƙa, don haka can muke taruwa bayan la'asar. Muka haɗa runduna ta 'yan ƙauyenmu zalla. Muna faɗa muna ihu da Hausa gauraye da Larabci, abokan gaba suna jinmu ba su gane komai, mu kuwa dariya har da hawaye.

'Yan birnin Wad Madani in suka kayar da dodo sai zage-zage ya kaure a kan ganima. Mu ba mu san wannan ba. Duk abin da ya faɗo mutum ɗaya muke tara wa har jaruminsa ya cika, sannan a koma kan na gaba, babba kafin ƙarami. Ba wanda ya zauna ya tsara mana, haka muka tashi muka ga ana yi a gona.

Wanda aka fara da shi abokina ne na yarinta, katangarsu jingine take da tamu. Watanni kawai ya ba ni, amma bai taɓa bari na manta ba. Rani guda muka kwashe muna yi masa bauta. Nawa jarumin yana yawo da 'yar sanda kamar mai kiwon awaki, ana yi mini tsiya, ina cewa ku bari layi ya zo kaina. Ni ne na biyu. Ranar da takobin ƙarshe ya faɗo muka miƙa masa, har kafaɗa muka ɗaga shi a kan tudun nan.

Ba a jima ba muka ga jarumin nasa ya shigo wasa, muka yi masa sallama bai amsa ba. Da ya yi magana sai muka ji Larabcin mutanen Khalij, ƙasashen nan masu arzikin man fetur. Kafin mu rufe baki ya fice daga rundunar. Ashe abokina ya sayar da shi, har da lambar sirri, ga wani attajiri da ba shi da lokacin wahala. Da yamma sai ga shi a kan sabon babur.

Na tare shi a gaban kowa na ce takobin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya kashe babur ya dube ni yana murmushi.

"Ya zol, mutumina, wasa ne fa. An ba ni kuɗin gaske a kan takobin ƙarya, sai in ƙi?"

Ya sa aka kawo wa kowa shayi da madara. Suka sha. Ni ban sha ba, kuma ba wanda ya lura.

Daga ranar gayyar wasa ta mutu, ba a ƙara maganar layi ba. Kowa ya fara ɓoye abin da ya samu. Wa da ƙane su shiga kogo, sai sun gama cinikin rabo kafin su ɗaga makami. Abokina kuwa ya zama dillali. Masu kuɗi na ƙasashen waje su ba shi jarumansu, shi ya rarraba wa samarinmu su yi ta kai su kogo suna ƙara musu ƙarfi, ya biya su ta waya. Ban ce babu yunwa ba. Na san yadda sukari da man girki suka koma, na san gidajen da wannan kuɗin ya sa wa tukunya a wuta. Amma tudun nan ya koma kamar gidan makoki, kowa ya sunkuyar da kai ba dariya. Wasan ma ya lalace. Wanda ya sayi jaruminsa jiya sai ya tattake wanda ya shekara yana gina nasa, kasuwar cikin wasa ta yi tsadar da mai gumi ba ya iya sayen ko hula. Na goge shi daga wayata da takaici.

Damina ta yi kyau a shekarar. Riɗin Baba ya kai ƙirjin mutum, masu wucewa suna tsayawa su ce masha Allah. Da ganye ya juya, Baba ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi ranar gayya. Kowa ya ce in sha Allahu. A makon nan kuma kamfanin wasan ya buɗe wata gasa mai gajeren wa'adi, attajiran suka ninka ladan masu yi musu aiki. Na ji labarin, amma wallahi ban kawo komai a raina ba. Gayya ce fa.

Inna da ƙanwata suka tashi da asuba suka ɗora manyan tukwane. Baba ya yanka ɗan akuya. Muka isa gona muka kafa rumfa muna duban hanya. Da rana ta ɗaga sai ga mutane tafe a hankali, ƙura ma ba sa tayarwa. Tsofaffi ne. Iyayen samarin nan ne, kowa da laujensa, kowa ya zo a madadin ɗansa. Har da baban abokina, wanda gwiwa ta hana shi ruku'u sai a kan kujera yake salla. Ba wanda ya ambaci ɗan kowa. Baba ya tarbe su da fara'a kamar da ma su yake jira, ni kuwa ji nake kamar in kurma ihu.

Da hantsi na jefar da lauje na nufi tudun. Suna nan reras, waɗanda Baba ya yanke wa iyayensu riɗi tun ba a haife su ba. Na ce musu abin da ya zo bakina, ba zan rubuta shi a nan ba. Wasu suka ƙara sunkuyar da kai. Abokina ne kaɗai ya amsa, idonsa rabi a kaina rabi a kan waya.

"Ka yi haƙuri, ba za mu iya tashi ba yau. Faɗi kuɗin 'yan ƙwadago in turo maka yanzu, ka ɗauko su daga Abu Hujar. Sun ma fi mu sauri."

Shi a ganinsa alheri ya yi, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kuma ya sani sarai a tsakiyar kaka ba ɗan ƙwadagon da ke zaune, manyan gonaki sun kwashe su. Duk da haka na kai wa Baba saƙon, don ina ganin kwanson yana canja launi a idona. Baba bai ɗago daga yankan da yake ba.

"Ka ce masa na gode. Ni mutane na kira."

Tsofaffin nan suka yi ta fama har azahar. Baban abokina ya kasa tsayuwa, ya zauna a ƙasa yana jan jiki yana yanka. Baba ya je ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaya, don Allah ka koma inuwa." Tsohon ya fizge hannunsa ya ce, "Ƙyale ni, gidana aka kira." Ko kusurwa ɗaya ta gonar ba mu gama ba. Abinci ya ragu tuli, Inna ta ce ba za a zubar ba, ta aika da shi gida-gida. Waɗanda ba su zo ba su ma sun ci, har wani marar kunya ya aiko cewa miyar ta yi daɗi.

Muka ci gaba mu kaɗai, ni da Baba da Inna da ƙanwata. Sai iska mai zafi ta taso. In ka tsaya shiru a gonar kana jin kwanson yana fashewa ƙas-ƙas ta ko'ina. Ƙasarmu baƙa ce, da ruwa ya ɗauke take tsattsagewa, ƙwayar kuwa cikin tsagar take faɗawa inda hannu ba ya kai. Na ga Inna da tsintsiya da faifai tana sharar gona tana sheƙe ƙasa ko za ta tsira da wani abu. Na juya baya don kada ta ga fuskata. Abin da muka kai gida bai kai a kira shi amfani ba.

Da damina ta zagayo ba mu da halin ɗaukar tarakta, ba mu da iri. Baba ya ce zai ba da gonar haya. A duk ƙauyen mutum ɗaya ne ke da kuɗi a hannu, abokin nan nawa. Ya zo har zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba da ladabi, bai nemi ragi ba. Shi ba ya kiran gayya, 'yan ƙwadago yake ɗauka, kuma yanzu kowa haka yake yi.

Bana ina cikin masu yanke masa riɗi. Na san kowace tsaga a gonar nan, don haka na fi kowa sauri. Da yamma kafin in isa gida kuɗin sun shigo wayata, bai taɓa jinkiri ba, wani lokaci har da ƙari. In na shigo Baba yana zaune a kan tabarma yakan tambaye ni ina na yini. In ce masa a gona. Bai taɓa tambayata gonar wa ba.