Kafaɗar da Na Ɗaure Ban Mayar Ba

Assalamu alaikum. Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen tafkin Madarumfa. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin wanda abin ya shafa yana raye, kuma kasuwarmu ɗaya. Lokacin da wannan al'amari ya fara ina da shekara ashirin da uku, ɗan kokawa ne ni, kuma babu abin da nake so a duniya kamar fili. Da damina ina bayan mahaifina a gonar gero, da an ɗaure damma kuwa sai in ɗaura walki da layu, duk inda aka buga ganga tun daga garin Sarkin Yamma har Ɗan Issa ina can. Ba ni ne na fi kowa ƙarfi ba, amma an san ni da saurin hannun dama. In na samu ƙugun mutum da shi, to sai dai a zo a kakkaɓe masa ƙasa.

Ina da aboki ɗan ƙauyen da ke kusa da namu, shi ma ɗan kokawa. Tare muke gwada juna a kan rairayi, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Akwai wani sirri da na faɗa masa wanda ko mahaifiyata ba ta sani ba. Wata rana na taɓa faɗowa daga amalanke, kafaɗata ta dama ta goce ta koma da kanta, kuma tun daga ranar in aka ɗaga mini hannu sama aka tura shi baya sai in ji kamar za ta fita. Na faɗa masa ne don ya riƙa kiyaye wurin in muna gwaji, ya kuwa yi shekara biyu yana kiyayewa. Sai ga shekarar da aka shirya zaɓen waɗanda za su tafi Maradi su tsaya wa yankinmu. Aka yi ta kayarwa har gurbi ɗaya ya rage, kuma ni da shi aka haɗa. Da muka shiga fili bai nemi ƙafata ba, bai nemi ƙuguna ba. Hannun nan kawai ya nema. Ya kama shi, ya ɗaga, ya murɗa baya, ya sakar mini nauyinsa duka. Na ji ƙarar a cikin kunnena kafin in ji zafin. Ina kwance ina birgima, shi kuwa yana rawa gaban makaɗa, ko waiwaye bai yi ba.

Shi ya tafi Maradi, ni aka ɗora ni a moto, wato babur, zuwa wurin mai ɗori. Mai ɗorin ƙanen kakata ne, tsoho mai bin addinin kakanni, wanda ba ya yawan magana. Ya kwantar da ni, ya sa dugadugansa a hammatata, ya ja hannun a hankali har ƙashin ya faɗa gurbinsa. Sannan ya gaya mini cewa in manta da kokawa. Ban yarda ba. Sau biyu na koma fili, sau biyu kafaɗar ta fita, na biyun ma wani ƙaramin ɗan kokawa ne da bai kai ya riƙa mini walki ba ya jawo, mutane suna dariya. Abokin nawa sau ɗaya ya zo duba ni. Ya zauna bakin tabarma da sabuwar rigar da aka ba su a birni, ya ce tsautsayi ne, ai na sani fili ba ya da ɗan'uwa. Yana faɗa yana murmushi. Na ce masa ba komai. Amma tun daga wannan rana na ajiye murmushin nan a cikin raina, kullum sai na ɗauko shi na duba.

Da yake ba ni da abin yi in rani ya shigo, sai na riƙa zama wurin tsohon, har ya fara koya mini sana'arsa. Da ƙasusuwan akuya ya fara, sannan ya riƙa kama yatsuna yana ɗora su a jikin masu zuwa. A wurinsa na san cewa ƙashi uku ne suka haɗu suka yi kafaɗa: allon da ke baya, da siririn ƙashin da ya gilma daga gindin wuya, da ƙashin damtse mai kai zagaye kamar ƙwallon goriba. Ya nuna mini cewa gurbin da kan damtsen yake zama ba shi da zurfi, bai fi tafin hannun jariri ba, ba kamar na ƙugu ba da yake kamar turmi. Shi ya sa hannu yake juyawa ko'ina, shi ya sa kuma yake saurin gocewa, domin jijiyoyi da nama ne kawai suke riƙe da shi. Ya koya mini gwiwar hannu, wadda take buɗewa ta gefe ɗaya kamar ƙyaure, da ƙasusuwa biyu na ƙasa da ita, waɗanda ɗaya yake mirginawa bisa ɗaya duk sanda mutum ya juya tafinsa zai karɓi abu. Ya kuma ja mini kunne cewa kafaɗar da ta goce ba a barinta ta daɗe a waje. In ta yi makonni, nama zai cike gurbin, jijiyoyi su ƙanƙance, ba mai iya mayar da ita kuma. Na koyi duk wannan da kyau. Kuma gaskiyar magana, duk kafaɗar da na taɓa, tasa nake tunawa.

Shekara goma sha ɗaya suka wuce. Na yi aure, na haihu, idon tsohon ya yi rauni, aiki ya dawo hannuna. Har daga ƙetaren iyaka ana kawo mini masu karaya. Shi kuma abokin nawa ya yi 'yan shekarunsa a fili ya sauka, ya sayi moto yana jigilar kaya tsakanin Ɗan Issa da Madarumfa. Muna gaisawa in mun haɗu, kowa yana tsammanin magana ta mutu. Wata safiya ina cikin rumfata sai ga mutum biyu sun riƙo shi, ya faɗi da moto a cikin yashi da buhuna a baya. Ina cire masa riga na ga abin: kafaɗar dama, kusurwarta ta faɗa, kan ƙashin ya zamo gaba. Na lalube shi daga wuya har wuyan hannu, babu karaya ko tsagewa. Aikin da ba zai kai a dama fura ba. Yana gumi ya dube ni, ya kira ni da sunan da makaɗa suke kirana da shi a da, ya ce, “A hannunka nike, ɗan'uwa.” Wallahi wani sanyi na ji ya ratsa ni, irin wanda ban ji ba tun ranar da na bar fili.

Na kwantar da shi, na sa ƙafa a hammatarsa kamar yadda ake yi, na ja, amma ban ja ta inda ya kamata ba. Na bar shi ya yi ihu har ya gaji, sannan na saki na ce Alhamdulillahi, ta koma. Na shafa masa magani, na cusa tsumma a inda kusurwar ta faɗa don kada kowa ya ga bambanci, na naɗe hannun na ɗaure shi a ƙirji tamau. Na ce kada ya kuskura ya kwance sai bayan kwana arba'in, kada kuma ya saurari masu cewa ya tafi likita, domin can in suka taɓa sai su ɓata aikin. Sau biyu ya dawo yana kukan cewa zafin bai ragu ba, kuma gefen damtsen ya mutu, ko an tsunkule shi ba ya ji. Na ce ai alamar warkewa ke nan, na ƙara tsananta ɗaurin. Ina ƙirga kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran Salla. Matata har cewa ta yi ta ga na ƙara cin abinci.

Ranar da aka kwance, hannun ya rame kamar na wani mutum dabam. Ba ya iya ɗaga shi ya kai baki, ballantana ya riƙe kan moto. Danginsa suka kai shi Maradi aka ɗauki hoton ƙashin, lokotoron asibitin ya ce kan damtsen yana waje, kuma an makara ƙwarai, ko an yi aiki hannun ba zai dawo yadda yake ba. Wasu suka fara gunaguni a kaina, amma shi da bakinsa ya kare ni. Ya ce wataƙila cikin barci ya juya ta sake fita, ai an san aikina. Ya sayar da moton. Sai na riƙa ganinsa a kasuwa yana tsaron tumatirin wani, yana cin abinci da hagu, yana juya baya don kada a gani. Zan so in ce muku tausayi ya kama ni, amma ƙarya zan yi. Da gangan nake bi ta gabansa. In na hango shi sai in miƙa masa hannun dama, in tsaya ina kallo yana tallabo nasa da hagu kafin ya iya ba ni. A raina ina cewa, to ga fili nan, yi rawa mana. Kusan shekara biyu ina cikin wannan hali, ban ji ɗigon nadama ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne danginsa za su kai shi wurin tsohon, ko da wani abu da ya rage. A lokacin tsohon ba ya gani sosai, amma yatsunsa suna nan. Ina tsaye a wurin. Ya ɗora yatsu biyu a kafaɗar, ya bi ta gaba, ya bi ta baya, ya tambaya wa ya yi ɗaurin farko. Aka ce jikansa. Sai ya ce musu su yi haƙuri, babu abin da zai iya. Da suka fita sai ya ce in matso. Ya ce, “Wanga ba kuskure ba ne. Hannun da na koya ma aiki ba ya irin wanga kuskure.” Na ce, Kaka, ai ka san abin da ya yi mini, kai ka mayar da tawa. Ya ce ya sani. Ya ce amma shi a fili ya yi mini, gaban jama'a, ina tsaye da ƙarfina; ni kuwa na yi masa yana kwance bisa tabarmata, ya ba ni jikinsa. Ya ce in tashi in fita, kada in sake taka gidansa. Bai faɗa wa kowa ba, bai kuma sake yi mini magana ba har ya rasu da damina ta zagayo.

A zaman makokinsa ne abokin nawa ya zo gaisuwa. Ya jira mutane suka ragu, ya ja ni gindin itacen bedi, ya ce akwai abin da ya daɗe yana cinsa. Ya ce ranar nan ta zaɓe da sani ya kama mini hannu, kwaɗayin tafiya birni ne ya rufe masa ido, kuma yana ganin abin da ya same shi sakayya ce daga Allah. Ya ce abin da ya fi ba shi kunya shi ne yadda na karɓe shi na yi masa aiki ban tuna baya ba. Ya roƙe ni gafara. Nan take na gaya masa komai, har da tsumman da na cusa. Har yau ban san ko tuba ce ta buɗe mini baki ba, ko kuwa so nake ya san cewa ni ne, ba ƙaddara kawai ba.  Ya dube ni, babu hawaye a idonsa. Ya ce ba zai yafe mini ba, mu haɗu gaban Allah. Amma ya ce in kwantar da hankalina, ba zai faɗa wa kowa ba, domin 'ya'yansa maza uku ne, sun fara zama samari, ni ma ina da nawa, kuma ba ya so su gaji wannan magana. Ya tashi ya tafi.

Ban daina ɗori ba, domin babu wani mai yi a kusa, amma yanzu duk wanda na taɓa na ji shakka, ko ya dawo yana cewa hannunsa ya mutu, Maradi nake tura shi a ɗauki hoto. Ku ma ina ba ku shawara, in an yi muku ɗori zafi bai ragu ba, ko yatsu sun yi sanyi, ko wani wuri ya daina ji, kada ku jira kwana arba'in saboda kunyar kowa. Babban abin da ya sa na rubuto kuwa shi ne masu ajiye abu a rai irina. Na yi shekara goma sha ɗaya ina jiran rana ɗaya, ta zo, na yi abin da nake so, na kuma ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Amma kafaɗata ba ta warke ba don tasa ta lalace. Wanda aka zalunta ne ni kafin safiyar nan, kowa zai tsaya mini har gaban Allah. Yanzu ni ake jira da ƙara. In Allah ya kawo maka wanda ya cuce ka, ya kwantar da shi a gabanka, ka tuna cewa kai ake gwadawa. In ba za ka iya yi masa aikin gaskiya ba, ka ce a kai shi wani wuri. Da na faɗi wannan kalma guda, da yau yana cin tuwonsa da dama, da ni ma ina iya bi ta layin masu tumatir.