Birkin Kirgi

Har gobe in na ga mutum ya goyo tsoho a bayan keke sai na tsai da shi na matsa birkinsa da hannuna. Wasu su gode, wasu su ce tsohon nan ya fara ruɗewa. Oho dai, su faɗa.

Abin ya same ni ne a shekarun yaƙin Turawa, lokacin da ake ɗibar samari ana kai su ƙasar Bama, duk wani abu na roba ya ɓace a kasuwa. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Kabo. Mahaifina baduku ne, ni kuma ina da wani tsohon keke da nake kai masa takalma da linzamai kasuwanni. Robar birkin ta cinye tun bazara, saura ƙarfe zalla, in zan tsaya sai dai in ja diddige a ƙasa.

Da damina ta kankama kurkunu ya fito wa Baba a ƙafar dama. Ana naɗe shi a tsinke kullum kaɗan-kaɗan, rannan ya tsinke a ciki. Cikin kwana uku ƙafar ta zama kamar turmi, ɗakin ya ɗauki wari, zazzaɓi ya rufe shi. Mai unguwa ya leƙo, ya ja ni gefe ya ce in ba a kai shi disfensa a Gwarzo gobe ba, to a haƙura da ƙafar. Jakunan gari duk suna fatauci. Ba abin hawa sai kekena, ga hanya da gangare, kuma diddige ba ya tsai da mutum biyu.

Na garzaya Kabo wajen mai gyaran keke kamar zan tashi sama. Na ce robar birki. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan baduku, ko Bature yanzu addu'a yake tsayawa da ita." Sai ya yanko mini guntaye huɗu daga tsohuwar tayar mota, baƙaƙe, masu tauri, zare duk ya fito a jikinsu. Ya ce za su yi ƙara kamar ana yanka akuya, amma za su kama. Na tambaye shi fata fa, don na ga wasu suna sawa. Ya ce, "Da rani ba laifi. Da damina kuwa, ruwa na taɓa ta ta zama kuɓewa. Kul!"

Da na dawo na nuna wa Baba. Ya jujjuya su, ya shinshina, ya yar a tabarma. "Wannan shara za ka ɗora ni a kai? Miƙo mini kirgin can da yuƙa." Jikinsa na rawa, gumi na zuba, haka ya yanka guntaye huɗu ya daidaita su tsaf. Wallahi sun yi kyau. Kwana uku ke nan ban ga idonsa ya buɗe haka ba.

Maganar mai gyara tana bakina, na haɗiye ta. Yaya zan dubi mutumin da ya shekara arba'in yana aikin fata in ce masa fatarsa ba za ta yi ba? A gidanmu ko ɗaga ido ba a yi in yana magana. Na ɗaura guntayen kirgin a gabansa, na gwada a ƙofar gida, keke ya tsaya cak. Na tsince guntayen tayar na zuba a aljihu, na ce a raina in mun yi nisa na canza.

Washegari da hantsi muka kama hanya, yana zaune a karkace a kan kariyar bayan keken, ƙafar a naɗe da tsumma, ya rungume ni ta baya. Sau biyu ina rage gudu don in tsaya in canza, sau biyu yana nishi yana cewa, "Taka, yaro, taka." Hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu kai rabin hanya ruwa ya tsuge.

Akwai wani gangare mai sauka cikin rafi kafin a shiga ƙasar Gwarzo. Da na ga kansa ya kamata in sauka in tura, amma rafin na cika a kan idona, in ya cika sai jibi. Na saki keke. Da ya ɗauki gudu na matsa birki. Shiru. Na matsa duka biyu har yatsuna suka yi ƙara, fatar tana ta shafar garen tayar kamar ana shafa mai. Na zuba diddige, laka ta kwashe shi. Ina ta salati da ƙarfi.

A kan dutsen bakin rafi muka zube, kuma ƙafar nan ita ta fara sauka. Na ji ƙarar gwiwar da kunnena.

Na rarrafa wajensa ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina "Baba, ka yafe ni." Ya daɗe yana numfashi sama-sama, sannan ya ce, "Abin da ke aljihunka tun daga gida yake tokarar hannuna. Mai gyaran ya ce maka wani abu game da fata?"

Na ce ya ce.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kai ka ce a sa ta, Baba."

"Kai, amma kai sakarai ne! Ni na taɓa hawa keke?"

Goya shi na yi muka haye, ruwa iya ƙirji, na bar keken a nan. Malamin disfensa ya tsaga kumburin ya wanke, zazzaɓin ya sauka a kwana na huɗu. Ya ce ciwon da muka zo dominsa mai sauƙi ne, da ya tashi ras. Gwiwar ce ba shi da yadda zai yi da ita.

Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba. A zaune yake salla, a ƙarshen sahu, ƙafar a miƙe. Ni nake kai shi in zaunar da shi, in tsaya kusa da shi in yi ruku'u da sujada da lafiyayyun gwiwoyina, sau biyar kullum.