Tafin da Ya Kai Ni Ofishin Firinsifal

Ban manta da safiyar Litinin ɗin nan ta zangon karatu na biyu ba, ina koyar da Faransanci a wata ƙaramar sakandare a Kusada. Kullum daga Kankia nake tasowa a kan babur, kuma ni kaɗai ne malamin darasin a makarantar.

A kwas an koya mana cewa yaro ba zai iya furta kalmar Faransanci ba sai an yanka masa ita gaɓa-gaɓa, yana tafa hannu a kan kowace gaɓa. In ce "ca-ma-rade", aji ya amsa da tafi. Maza dai suna yi suna ɓata rai, wai na mayar da su 'yan mata. Amma wata yarinya daga Kaikai, Hindatu, ta kama abin sosai, bakinta ya faɗa har ta fi kowa.

Ranar ina tsaka da darasi firinsifal ya aiko kirana. Na tarar da mahaifin Hindatu zaune, ya ƙi ko shan ruwan da aka ba shi.

"Malam, kai ne mai koya ma ɗiyata gaɗa?" in ji shi. "Ni na hana ta zuwa dandali, ashe dandalin na nan cikin aji. Yau zan tahi da abuna."

Na ce, "Baba, wallahi ba wasa ba ne, hanyar koyon furuci ce."

"Mu ma mun yi karatu, da baki aka yi shi."

Na dubi firinsifal ko zai sa baki. Ya ce, "Malam, ka bar tafin nan kawai, mu zauna lafiya." Na ce to, ranka ya daɗe. Ƙarfin gardama ya riga ya ƙare mini.

Da kyar dattijon ya yarda ya bar ta a makarantar. Na koma yanka kalmomi da alli a kan allo, yara suna gyaɗa kai kawai kamar masu jin huɗuba.

Ku da kuke shigowa aikin koyarwar nan, dabarar da aka ba ku a kwas ku fara auna ta da gidajen da yaran suka fito. Hindatu ta gama makaranta lafiya, amma tun daga ranar ban sake jin muryarta a ajina ba.